Wa ke biyan kuɗin tsimin da aka yi a rukunan gidajen gefen Abuja?

Duk wanda ya bi hanyar da ta haɗa Apo da shataletalen Galadimawa a Abuja, ya karya ya shiga Lokogoma, zai ga rukunan gidaje jere da juna, kowanne da katangarsa da ƙofarsa da masu gadinsa, rufin kwano iri ɗaya yana bin juna har iya ganin ido. Gundumar tana cikin kashi na uku na taswirar birnin, kuma kusan dukkanta kamfanoni masu zaman kansu ne suka gina ta a ƙarƙashin shirin samar da gidaje masu yawa da gwamnati ta fara a shekarar 2000. Amma wanda ya bi koke-koken da ƙungiyoyin mazauna wurin da na maƙwabtansu a Lugbe suka yi ta kaiwa gaban hukuma shekara da shekaru, zai ji maganganun da ba sa canzawa: hanyar da aka yi alkawarin zuba wa kwalta ta tsaya a burji, magudanar ruwa ta yi ƙanƙanta ko kuma babu ita sam, ruwan famfo bai iso ba, filin da aka nuna a zane da sunan makaranta ko wurin wasan yara ya koma gidaje, kuma da zarar hadari ya haɗu sai hankalin iyaye ya tashi. Dukkan koke-koken nan suna komawa ga zargi ɗaya, wato an tsuke bakin aljihu wajen aikin, kuma an zaɓi a yi tsimin a wuraren da idon mai saye ba zai kai ba ranar da ya zo duba gida.

A ganina wannan zargi yana da tushe, sai dai wanda ya taƙaita shi ga son zuciyar ɗan kwangila ɗaya ko kamfani ɗaya bai taɓo asalin ciwon ba. Yadda aka tsara shirin tun farko ne ya sa irin wannan tsimi ya zama hanya mafi sauƙi ga mai gini, kuma kuɗin da aka ƙi kashewa ranar aiki ba ya ɓacewa, yana nan yana jiran wanda zai tare a gidan, ya biya shi bayan shekaru, sau da yawa ninkin ba ninkin.

An kafa Babban Birnin Tarayya da doka ta 6 ta 1976 a zamanin Janar Murtala Muhammad, an miƙa babbar taswirar birnin a 1979, gwamnati kuma ta tare a hukumance ranar 12 ga Disamba 1991. A kashi na farko, wato Garki da Wuse da Maitama da Asokoro da tsakiyar birni, Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, FCDA, ta bi tsarin da masana suka yarda da shi: a fara shimfiɗa tituna, a binne magudanan ruwan sama da bututun ƙazanta, a jawo ruwan sha daga dam ɗin Usuma, a kai wuta, sannan mai fuloti ya zo ya yi gininsa. Shi ya sa har yau unguwannin nan suke jure ruwan da ke durƙusar da wasu sassan birnin. Amma tsarin yana cin kuɗi ƙwarai, kuma jama'a sun riƙa kwarara zuwa Abuja da saurin da ya fi ƙarfin baitulmali, har yawancin ma'aikatan da ke tafiyar da ofisoshin birnin suka koma kwana a Kubwa da Nyanya da Karu da Mararaba da Suleja. Daga nan ne aka fito da shirin 2000. Gwamnati za ta bai wa kamfani babban fili ba tare da ya biya farashin kasuwa ba, za ta kai babban titi da babban bututun ruwa da wuta da babbar magudana har bakin filin, shi kuma kamfanin ya yi na ciki, ya gina gidaje cikin wa'adin da aka ɗiba masa, ya sayar, sannan gwamnati ta ba kowane mai saye takardar mallaka. A zagayen farko kamfanoni sama da 180 ne suka sami filaye da faɗinsu ya haura hekta 2,600 a gundumomi shida.

A takarda yarjejeniyar tana da kyau, amma a ƙasa gwamnati ce ta fara saɓa ta. An raba filaye a gundumomin da ko zanen aikin injiniya na titunansu da magudanansu ba a kammala ba, balle a ware kuɗin yi. Kamfani ya karɓi filinsa a tsakiyar daji, babu titin da zai haɗa nasa da shi, babu bututun da zai ja ruwa daga gare shi, babu babbar magudanar da zai zuba ruwan rukuninsa a ciki. Kowa sai ya yi dabarar da za ta fisshe shi: ya buɗe hanyar ƙasa ta shigar da tifa, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya yi wa kowane gida sokawe, ya karkata lambatunsa zuwa bayan katanga, ruwan ya nemi inda zai bi. Wannan shi ne tsimi na farko kuma mafi girma, kuma gwamnati ce ta yi shi, domin ta ɗage kashe kuɗin da ya kamata ta kashe kafin a aza bulo ɗaya. Illarsa ta wuce rashin kwalta. Gunduma guda da ya kamata a zana magudanarta a matsayin abu ɗaya, daga tudu zuwa rafi, ta rarrabu gida-gida a hannun kamfanoni masu yawa, kowanne yana lissafin ruwan da ke cikin katangarsa kawai, babu mai lissafin wanda ke gangarowa daga sama ko wanda shi yake turawa ga na ƙasa da shi.

Sai kuma lissafin shi kansa mai ginin, wanda ya kamata mazauna su fahimce shi da kyau ko da ba za su yafe masa ba. Ginin rukunin gidaje aiki ne na shekaru, amma bashin bankunan kasuwanci a Najeriya na ɗan gajeren lokaci ne kuma mai tsananin tsada. A watan Nuwamba 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, abin da bankuna ke caji kuwa ya fi haka. Saboda haka yawancin kamfanoni da kuɗin masu saye suke gini. Ana tallata gida tun yana zane, a yanke farashi, mutum ya ba da kafin alƙalami, ya riƙa biyan sauran kaɗan-kaɗan. Farashin gidan ya tsaya ke nan, amma na kayan gini bai tsaya ba. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023 da sakin naira ga kasuwa a watan Yuni, dalar da hukuma ke sayarwa kusan naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, buhun siminti da ake saye kusan naira 5,000 ya wuce naira 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnati ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu 2024 aka tsayar da magana a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Rodi da wayar wuta da kwano da tayil duk sun bi sahu. Wanda ya sayar da gida a 2022 da alkawarin miƙa mabuɗi a 2024 ya sami kansa da zaɓi uku: ya koma wa masu saye ya nemi ƙari, ya haƙura da ribarsa, ko ya rage wani abu daga aikin. Na farkon yana jawo rigima da shari'a, na biyun ba kowa ke da ƙarfin zuciyarsa ba, na ukun kuwa babu wanda zai gane shi nan take.

A nan ne abin ke da ban tsoro, domin ragin ba ya faɗawa kan abin da ke sayar da gida. Fenti da tayil da ƙofar ƙarfe da silin ɗin falo su ne mai saye ke kallo, don haka ba a cika taɓa su ba. Ana taɓa bulo, inda za a buga wa buhun siminti ɗaya fiye da adadin da zai iya riƙewa, a kuma yi gini da shi tun bai sha ruwa ya ƙeƙashe ba. Ana taɓa kankare, wanda sanannen haɗinsa shi ne kwano ɗaya na siminti da biyu na yashi da huɗu na tsakuwa, sai a ƙara yashi a rage siminti. Inda zane ya ce a sa rodi mai milimita 16 a sa mai 12, ko a buɗa tazarar da ke tsakaninsu, kuma da zarar an zuba kankare an yi filasta maganar ta rufu. Wayar da ta dace da fitila ake ja wa soket ɗin da za a jona na'urar sanyaya ɗaki. Kwanon rufi ana sauko da kaurinsa. Tushen gini a wuri mai danshi ana yin sa kamar na kan tudu, ba tare da an gwada ƙasar ba, shi ya sa bayan damina biyu ko uku sai ka ga gindin bango yana tsattsafo da ruwa, fenti yana ɓarewa, tsaga tana bin kusurwar taga. Titin cikin rukuni kuwa ƙarfinsa yana ga abin da aka shimfiɗa aka daddanne a ƙarƙashinsa da kuma lambatun da ke janye masa ruwa. Idan aka zuba kwalta siririya a kan jar ƙasar da ba ta sha matsa ba, za ta yi kyau ranar buɗewa, ta farfashe kafin a gama sayar da gidajen layin ƙarshe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, a gida ɗaya, ƙaramin kuɗi ne. A rukuni mai gidaje ɗari biyar kuwa shi ne bambancin riba da faɗuwa.

Akwai wani nau'in da ya fi wannan haɗari, ko da yake a littafin kamfani ba ya fitowa da sunan rage kashe kuɗi. Duk zanen rukunin da hukuma ta amince da shi yana ware filin da ba na sayarwa ba: wurin shaƙatawa, makaranta, ɗakin shan magani, wuraren ibada, da kuma tazarar da dole a bari tsakanin gini da bakin rafi. Ga mai ginin da kuɗi ya yanke masa, wannan fili kuɗi ne a kwance. Sai a dawo daga baya a yanka shi fuloti-fuloti, a ciko gefen rafi da ƙasa, a matse hanyar ruwa da katanga, a ɗora ƙarin gidaje. Wasu kamfanonin ma ba su gina komai ba. Sun yanka filin da aka ba su don gini sun sayar da shi haka nan, abin da ya saɓa wa ruhin shirin gaba ɗaya, wasu kuma suka tsaya a sayar da kango, mai saye ya ƙarasa da kansa. Idan haka ta faru, kamfanin ya riga ya karɓi kuɗinsa tun kafin ya taɓa titi ko magudana, kuma babu sauran abin da zai sa ya dawo ya yi su in ba tsoron Allah ko kare sunansa ba.

Damina ce ke tona dukkan wannan. A daminar 2017 ruwa ya tafi da wani magidanci da 'ya'yansa biyu a cikin motarsu a Lokogoma, abin da ya girgiza mazauna gundumar, kuma a shekarun da suka biyo baya hukuma ta shiga rushe gine-ginen da ta ce suna kan hanyar ruwa. A Lugbe, ambaliyar Satumba 2021 a rukunin Trademore ta ci rayuka, sannan ta ranar 23 ga Yuni 2023 ta shanye gidaje 116 bisa ƙidayar hukumar agajin gaggawa ta birnin, har gwamnatin birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i, ta ce za ta rushe gidajen da ke cikin kwarin. Mazauna suka yi zanga-zanga, aka kuma garzaya kotu. Hukuma ta tsaya a kan cewa an yi gini a kan hanyar ruwa. Mazauna kuma suka ce ruwan daga sama yake zuwa musu, daga wuraren da aka cika da gine-gine bayan su, kuma kwalbatocin da ke hanyar sun yi masa kaɗan, don haka aikin injiniya ake buƙata. Abin lura shi ne maganganun biyu ba sa ƙaryata juna. Dajin da a da yake shanye ruwan sama ya koma rufin kwano da daɓen siminti, ruwan da ke ɗaukar sa'o'i kafin ya isa rafi yanzu cikin mintuna yake isa, kuma kwalbatin da aka auna da ruwan daji ba zai ɗauki ruwan birni ba. Idan kuma a ƙasa an matse rafin da gine-gine, ruwan ba shi da mafita sai ɗakunan mutane. Kowane ɓangare ya yi nasa tsimin, na sama da na ƙasa da hukumar da ba ta yi babbar magudana ba, amma wanda ruwa ya shiga wa ɗaki shi ne wanda bai halarci ko ɗaya daga cikin shawarwarin ba.

Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, biyan bashin yana ci gaba. Ƙungiyar mazauna rukuni, wadda aka kafa don kula da masu gadi da kwashe shara, ta wayi gari tana aikin ƙaramar hukuma: ana yanka wa kowane gida kuɗin gyaran titi, na faɗaɗa kwalbati, na sayen taransifoma idan tsohuwar ta ƙone saboda an ɗora mata gidaje fiye da ƙarfinta, duk da cewa hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta sha nanata cewa sayen taransifoma aikin kamfanin rarraba wuta ne. Kowane gida ya haƙa burtsatsensa, sau da yawa 'yan taku kaɗan daga sokawen maƙwabci, wanda hakan barazana ce ga lafiya da ba a cika maganarta ba, kuma da rani idan rijiyoyin suka ja baya sai a koma ga tanka da 'yan garuwa. A haɗa da gyaran mota da hanya ke lalatawa, da kuɗin kai yara makaranta mai nisa saboda filin ta kusa ya zama gidaje. Gyaran abin da aka yi ba daidai ba kuma ya fi yin sa tun farko tsada, domin binne bututu a fili aikin haƙa ne kawai, amma binne shi a unguwar da aka tare sai an fasa titi da daɓe da katanga. Su wane ne ke ɗaukar wannan nauyi? Da yawansu ma'aikata ne da aka shekara ana cire musu kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, suka karɓi bashin Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya mai kuɗin ruwa kashi 6 da za su biya har tsawon shekara talatin, ko 'yan fansho da suka zuba kuɗin sallamarsu gaba ɗaya. Irin wannan mutum ba shi da gida na biyu da zai koma, kuma idan sunan unguwarsa ya ɓaci da ambaliya, darajar abin da ya tara a rayuwarsa ce ta faɗi.

Akwai masu cewa ai araha ba ta ado, wanda ya sayi gida a Lokogoma da kuɗin da ba zai saya masa ko fuloti a Maitama ba bai kamata ya sa ran titin Maitama ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ya kamata a ba maganar haƙƙinta. A ƙasar da miliyoyin mutane ke neman muhalli, dole ne a nemi hanyar sauƙaƙa kuɗin gini, kuma ba kowane ragi ne cuta ba. A ƙanƙanta ɗakuna, a yi zane ɗaya a maimaita shi don a sayi kaya a dunƙule, a bar ado, a yi daɓen siminti maimakon tayil, a gina benaye maimakon gidajen ƙasa don fili da bututu su ishi mutane da yawa; duk waɗannan tsimi ne na gaskiya, domin kuɗin ya ragu har abada kuma mai saye ya ga abin da ya saya da idonsa. Kano ta ga ɗaya gefen matsalar a biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015, inda aka yi manyan gidaje da tituna amma farashinsu ya fi ƙarfin yawancin masu buƙata, da yawansu suka daɗe babu kowa a ciki. To amma abin da mazauna gefen Abuja ke kuka a kai daban ne. An nuna musu zane mai titi da magudana da filin makaranta, a kan wannan zane aka yanke farashi, sannan aka sauya kayan bayan an karɓi kuɗi. Da an ce musu tun farko wannan gida ne ba titi ba ruwa, ga farashinsa, da kowa ya yi lissafinsa ya shiga da saninsa ko ya fasa. Ban kuma wanke masu saye baki ɗaya ba, domin akwai waɗanda bayan sun tare suka shafe tsakar gidansu da siminti har bakin katanga, suka ƙara ɗakuna a kan lambatu, suka mayar da magudana juji.

Tambayar da ke biye ita ce ina masu sa ido. Abuja tana da Sashen Kula da Gine-gine da ke amincewa da zane kuma ya kamata ya duba aiki mataki-mataki, ƙasar tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006 wanda ya daɗe ba shi da dokar da za ta tilasta aiki da shi ko'ina, akwai kuma hukumomin rajistar injiniyoyi da masu zane da magina. Amma abin da mazauna suka fi gani daga hukuma shi ne jan fenti a bango da katafila, shekaru bayan an sayar da gidan an tare. Rushe ginin da ya toshe rafi wani lokaci ba makawa ne, domin rayukan mutanen unguwa sun fi gida ɗaya. Sai dai idan hukuncin ya tsaya a nan, to ya faɗa kan mutum na ƙarshe a jerin, ya tsallake wanda ya yanka filin ya sayar da jami'in da ya sa hannu ko ya kau da kai lokacin da ake gini da rana tsaka. Muddin wanda ya ci ribar tsimin ba shi ne ke biyan asararsa ba, babu abin da zai hana na gaba ya maimaita.

Abin mamaki shi ne gwamnati ta san maganin, domin tana amfani da shi a nata kwangiloli, inda yawanci ake riƙe kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ɗan kwangila na tsawon watanni bayan ya gama, don idan aibi ya fito ya dawo ya gyara. Talakan da ya sayi gida ne ba shi da irin wannan kariya. Wasu ƙasashe sun ba shi. Indiya ta yi doka a 2016 da ta wajabta wa mai gini ajiye kashi 70 cikin ɗari na kuɗin masu saye a asusu na daban, ba ya cira sai injiniya da mai zane da akanta sun tabbatar da inda aiki ya kai. Ta ɗora masa gyaran duk aibin gini na shekara biyar, ta kuma hana shi sauya zanen rukuni sai da yardar kashi biyu bisa uku na masu saye, wanda shi ne ainihin abin da zai kare filin makaranta da bakin rafi. Afirka ta Kudu tun dokar 1998 take da hukumar rajistar maginan gidaje da ke ba da lamunin shekara biyar a kan babban aibin gini. A Ingila mai gini yana ajiye jingina a kan titunan rukuninsa, ta yadda idan ya gaza ƙaramar hukuma za ta ƙarasa da kuɗinsa. A nan gida Legas ta kafa hukumar kula da harkar gidaje da filaye, amma ƙudurin dokar tarayya kan wannan harka da Majalisar Dattawa ta amince da shi a 2021 bai zama doka ba har wa'adin majalisa ta tara ya ƙare a 2023. Za a ce waɗannan sharuɗɗa za su ƙara wa gida tsada, kuma gaskiya ne za su ƙara. Amma ƙarin shi ne kuɗin da mazauna suke biya yanzu ta hanyar karo-karo da asara, sai dai a wancan tsarin za a san shi tun farko, a kuma kashe shi lokacin da aikin ya fi araha.

Maganar tana da gaggawa domin ana sake buɗe sabon babi. A watan Fabrairu 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana, a gefen birnin ta wajen Gwarinpa da Kubwa, bisa haɗin gwiwa da 'yan kasuwa, kuma an fara aikin ne daidai lokacin da kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. Masu niyyar saye a can da sauran sabbin rukunan suna da haƙƙin su nemi a nuna musu zanen da hukuma ta sa wa hannu, da sakamakon gwajin ƙasa, da inda magudanar rukunin za ta zuba ruwanta, su kuma nemi a rubuta titi da ruwa da filayen jama'a cikin yarjejeniyar saye tare da ranar kammalawa, a ɗaure kason ƙarshe na biya da kammala su. Mutum ɗaya ba zai iya tilasta wa kamfani wannan ba, amma ƙungiyar ma'aikata ko ta adashen gata da ke sayen gidaje hamsin a dunƙule za ta iya, har ta ɗauki injiniyanta mai zaman kansa ya riƙa duba rodi kafin a zuba kankare. Tsofaffin gundumomi irin Lokogoma kuwa sun wuce wannan mataki, kuma karo-karon mazauna ba zai taɓa gina babbar magudanar da ta ratsa rukunai da dama ba. Wannan aikin FCDA ne da ta ɗauki alkawarinsa tun 2000: ta auna dukkan ruwan da ke gangarowa cikin kowane rafi, ta zana magudanar gunduma guda, ta sa kuɗinta a kasafi kamar yadda take sa na manyan titunan tsakiyar birni, sannan ta bi kamfanonin da yarjejeniyarsu ke hannunta ta karɓi kuɗin aikin cikin rukunin da suka sa hannu za su yi ba su yi ba.